Sarƙar Baban Seun

"Wannan ma mayar," in ji Baban Seun, ya ture sarƙar gefe da bayan hannu.

Chizoba mai shagon kayan ƙarfe ya dubi Abdulbaƙi, kamar shi ne zai raba su. Tun safe Abdulbaƙi yake tare da maƙwabcin nasa a asibiti wajen wankin ƙoda, bayansa duk ya riƙe, ba abin da yake so irin ya kai shi gida Inkil ya miƙa wa matarsa. Amma suna fitowa mutumin ya dafa kafaɗarsa a kan babur ya ce su biya kasuwa.

Jide ne sunan maƙwabcin, amma a unguwa ba mai kiransa haka. Ya tsufa yana wasan wuta a bukukuwa: dunƙulen tsumma biyu a bakin sarƙa, a tsoma a kananzir, a kunna, ya yi ta wulwulawa har su zama zobe. Da ciwo ya kwantar da shi, ɗansa Seun ya karɓi sana'ar. Ranar Asabar yana da wasa a wani biki a Miri.

"Baba, wannan fa ko kare ba ya tsinka ta," in ji Chizoba.

"Kare ba wuta ba ne." Ya ɗaga sarƙar kusa da idonsa, sannan ya nuna wa Abdulbaƙi. "Malam, duba bakin zoben. Matse shi kawai aka yi, ba walda. In ya sha zafi zai buɗe. Irin ta Seun ya ɗaura, ni na gani."

"To ga kebur, ya fi ƙarfi."

"Kebur daga ciki yake cinyewa. Ba ka sani sai ranar da ya tsinke."

Numfashinsa ya yi sama. Aka ba shi benci. Yana zaune ya sa aka sauko da wata siririya mai nauyi, wadda ba ta tsatsa, ya bi zobbanta ɗaya bayan ɗaya da farcen babban yatsa yana neman tabon walda. Ya auna daga tafin hannu zuwa hammata, ya ce a yanka biyu.

"Baban Seun, da ka bari ya zo da kansa," in ji Abdulbaƙi.

"Shi mai ƙyalli yake saye. Malam, a biki yara ne a gaba. A ƙasa suke zama."

Ya ce Abdulbaƙi ya taka bakin sarƙar ya ja da iya ƙarfinsa. Abdulbaƙi, da furfurarsa, ya taka ya ja a tsakiyar kasuwa, masu wucewa suna kallo. Ba ta motsa ba.

A hanya kan Baban Seun ya yi ta faɗowa a bayan Abdulbaƙi, har sai da ya rage gudu ya riƙo hannunsa ɗaya a cikinsa.

Seun bai ji daɗi ba. Ta katanga Abdulbaƙi ya ji shi yana cewa tasa lafiyarta ƙalau, uban yana amsawa da Yarbanci a hankali, sai tari. Daga baya ya ji ƙarar filaya.

Ranar Juma'a da la'asar Mojisola, matar Baban Seun, ta leƙo ta ce mijinta yana kiran Abdulbaƙi. An fito da shi tsakar gida a kujerar roba, ƙafafunsa a kumbure cikin silifas. Seun ya kunna wutar a sabuwar sarƙar tun rana ba ta faɗi ba, ya wulwula don uban ya gani. Ba wani kyau, harshen wutar ma da ƙyar ake ganinsa. Tsohon bai kalli wutar ba, kunne ya kasa.

"Ka ji? Ba ta kuka," ya ce. "Malam, karɓi ka duba mini zobban kusa da wuta. Idona ya ƙi."

Da ta huce, Abdulbaƙi ya bi su da yatsa kamar yadda ya ga ana yi. Ya ce duk lafiya.

"To," in ji Baban Seun. Ya ce a mayar da shi ɗaki, ya gaji.

Ba a jima ba Mojisola ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, zaninta a hannu.

"Malam, zo ka duba mini shi. Ni na kasa."

Ya shiga, ya taɓa wuyansa, ya daɗe a tsugune. Sannan ya ja mayafi ya rufe masa fuska, yatsunsa suka bar baƙin shaci a gefen farin ƙyallen.

"Sai haƙuri, Maman Seun."

Ta zauna a ƙasa. Seun ya fita kiran fasto.

Da aka kira magariba Abdulbaƙi ya tsuguna a ƙofar gidansa da buta. Ya cuɗa hannunsa da ƙasa, ya zuba ruwa, ya sake cuɗawa. Baƙin ruwan ya gangara cikin kwatar da ke tsakanin gidajen biyu, ya tsaya a gindin wani dutse.