Duniyar da ke Bangon Gidanmu

"Taka ni ka wuce," in ji Baba Mai Zane, "sannan ka shafe ta."

Ɗan mai gida ya tsaya cak, mai fentin da ya kawo yana bayansa da bokiti. Ni kuwa na baro keken ɗinkina da almakashi a hannu, ban ma san na riƙo shi ba. Baba ya jawo katifarsa ya shimfiɗa a gindin bangon tsakar gidan da muke haya, ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa a kai. A samansa taswirar duniya ce, tun daga bakin famfo har ƙofar banɗaki. Shi ya zana ta, da ragowar fentin allunan shaguna da yake rubutawa kafin ciwon zuciya ya kayar da shi.

"Baba, masu sayen gida za su zo," in ji ɗan mai gida. "Wa zai so bango da zanen yara?"

"Duniya guda na ba ubanka kyauta, kai kana ce mata zanen yara."

Baba ko fasfo bai taɓa riƙewa ba, amma kowace ƙasa ya san ta kamar dangin uwarsa. A ƙarƙashin sunanta yakan rubuta laƙabinta. Italiya, Takalmi. Japan, Ƙasar Fitowar Rana. Masar, Uwar Duniya. 'Yata ta san Finland ce Ƙasar Tafkuna Dubu tun tana saka takalmi a baibai. Ba shi da mata, ba ɗa, ba ko fegi. Abin da zai bari a bayansa ke nan, kuma duk gidan mun sani.

"Mako mai zuwa zan dawo," in ji ɗan mai gida, "ko kana nan ko ba ka nan."

Shi kansa ya ji nauyin abin da ya faɗa, amma bai janye ba. Na raka shi da harara har bakin ƙofa.

"'Yata," Baba ya kira ni, "je wurin mai kayan gini ki karɓo min fentin mai, da man nan da ke sa katako sheƙi."

"Baba, likita cewa ya yi ka huta."

"Hutu yana gabana, mai yawan gaske."

Haka na ajiye ɗinkin mutane, suna zuwa suna yi min tsiya, na zama mai riƙe gwiwar hannu. Hannunsa rawa yake yi, sai na tallafe shi sannan burushi ke bin layi. Muka faro daga gabas, muna bi ƙasa ƙasa, in ta bushe ya shafe ta da man sheƙi. Yakan ɗan ja burushi, ya tsaya yana haki, warin fenti na ƙara shaƙe shi. Haushi ya ishe ni.

"Baba, kana kashe kanka a kan abin da za a shafe."

"Fentin ruwa na gani a bokitinsu, mai arha. Kin taɓa ganin ruwa ya zauna a kan leda?"

Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. A ƙasan Indiya ya ɗiga Sri Lanka, ya ce ita ce Hawayen Indiya. Ya ɗago ya ga fuskata.

"Ɗigo ɗaya ake bukata. Share naki, kar ki cika min teku."

Da muka iso Amurka ta Kudu, hannun ya daina ɗaguwa gaba ɗaya. Ya nuna min Chile da haɓa.

"Wannan siririyar kamar tef ɗinki, ke za ki ja ta."

"Ni ɗinki na iya."

"To ɗinka ta."

Hantsi ne, wata maƙwabciya na wanki a bakin famfo. Na ja layin yana karkacewa, ina jiran ya yi min faɗa kamar kullum. Na kai ƙasa, shiru. Da na waiwayo, kansa na jingine da bango, bakinsa a ɗan buɗe. Na yi kuka kamar ubana ne ya tafi. Da aka dawo daga kai shi, na ɗauki man sheƙi na gama shafe abin da ya rage.

Ɗan mai gida ya cika alkawari. Ya yi mana gaisuwa da kai a sunkuye, sannan ya ce a fara. Na fito da kujerata na zauna na harɗe hannuwa. Mai fenti ya shafa, fentin ya dunƙule ya gangaro. Ya sake shafawa, ya ƙara, har bokitin ya ƙare. Ɗan mai gida ya dube ni, na dube shi, ya juya ya fita.

Mai fenti ya kife bokitinsa ya zauna a kai. Farin fentin yana ta tsiyaya yana taruwa a kan siminti, nahiyoyi na fitowa ɗaya bayan ɗaya, har da karkatacciyar Chile ɗina a gefen ƙofar banɗaki.