Matan da ke Cikin Canji

Malam Moctar yana da ɗan butik a unguwar Barbès a Faransa, daf da gadar metro, jirgin cikin gari, inda yake sayar da rigunan waya da caja. Abokan ciniki sun san shi da wata ɗabi'a: duk wanda ya biya shi da sulalla, sai ya juya kowane sule ya dubi bayansa kafin ya jefa a akwati. Wasu na zaton jabu yake tsoro. Shi kuwa fuskar mace yake nema.

Ƴarsa Ruwaida ce ta koya masa. Tana ƙarama, ranar Laraba da ba makaranta da rana, takan zauna kan kwali bayan kanta tana wasa da canji. Wata rana ta ɗago sulen ero biyu ta ce, "Papa, su wane ne waɗannan matan biyu?"

"Sarauniyoyi ne," in ji shi, don bai sani ba.

Kashegari ta dawo daga makaranta tana hura hanci. Ba sarauniyoyi ba ne, ta ce, likita ce da lauya na ƙasar Beljiyam. Daga ranar aka shiga farauta. Ya saya mata album shuɗi mai aljihunan roba. Aka samu malamar yara ta Italiya, aka samu mai zane ta Finland, aka samu ministar nan ta Faransa da ta tsira daga sansanin mutuwa. Kowace ta shigo hannu, Ruwaida sai ta zauna ta ba shi tarihinta tun daga haihuwa, shi kuwa yana gyaɗa kai yana ba mutane canji. A lokacin har masu sayar da masara gasassa a bakin titi sun san dokar: in ka ga mace a sule, ka kai wa ƴar Moctar.

Yanzu Ruwaida tana Lyon tana karatun haɗa magunguna. Uwarta Halimatou ta tafi Zinder jinyar tsohuwarta, gidansu na Bobigny ya zama daga Moctar sai firji mai gurnani. Mutane ma sun daina biya da sulalla, kowa sai ya miƙo kati. Ruwaida ta kwashe tufafinta a zuwan farko, littattafai a zuwa na biyu. Album ɗin kaɗai ya rage a kan shiryayye, kuma Moctar ya ɗaura zuciyarsa a kansa: muddin yana nan, yarinyar tana da abin dawowa. Ya ga ƴaƴan abokansa da suka tafi karatu Lille ko Kanada. Da fari ana zuwa hutu, daga baya sai waya, daga baya sai saƙon barka da salla.

Ran nan da hantsi wayarsa ta yi ƙara.

"Papa, ina kwana, ya jiki, ya butik? Ina sauri ne. Album ɗina yana nan?"

"Yana nan. Lafiya?"

"Lafiya lau. Ka kawo mini shi, don Allah, kada ka aiko ta gidan waya. Akwai babban taro ranar Asabar, mutane da yawa za su zo. Ina so in saka su..."

Daidai nan metro ya bi ta kan gada, ya cinye sauran maganar. Da ƙarar ta lafa, sai ya ji tana cewa, "To sai ka zo, bisou," sumbar bankwana irin ta Faransawa, ta kashe.

Ya daɗe riƙe da wayar. To, shi ke nan, an aiko a ɗauki abu na ƙarshe. Ya zauna kan kujera yana juya maganar. Za ta saka su. Taro, mutane da yawa, kuma za ta saka su. Sai ga uwarsa ta faɗo masa a rai, tana zaune a tsakar gida a unguwar Birni ta Zinder, tana goge liyarinta da toka da tsamiya. Tsohon kuɗin azurfa ne mai kan wata mace mai kumatu, an huda shi an zura jan zare. Ba ta saka shi sai ranar buki, kuma in ta saka, tafiyarta ma canzawa take yi. Ashe jini bai ɓata ba, ya ce a ransa. Yarinyar da aka haifa a Faransa za ta rataya mata a wuya kamar kakarta.

Amma ta yaya za ta saka su ba huda? Ya kira ta don ya tambaya, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya fara rubuta saƙo, ya goge. Kullum tana ce masa ya cika damuwa, ya cika kira. In dai tafiya za ta yi da gaske, gara ta tafi da aikin da ubanta ya yi mata, ba tare da ta roƙa ba.

Ya kai sulallan wurin Mounkaila, wani Bazabarme maƙerin azurfa da ke aiki a bayan shagon tela, can cikin lungu.

Mounkaila ya baza su a tafin hannu ya yi dariya. "Malam, wannan ai kuɗin burodi ne. Ko zinari ya gagare ka?"

"Kai dai huda. Me Bazabarme ya sani a ado?"

"Mu muka koya muku saka wando. Ita yarinyar ce ta ce a huda?"

"Ta ce za ta saka."

"To, tunda ta ce." Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido. "Wannan tsohuwar ta yi kama da surukata. A ka zan huda ta ko a wuya?"

"A gefe, mugu! Kada ka taɓa musu fuska."

Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Mounkaila ya wanke su har suna ɗaukar ido, ya jera manyan a tsakiya, ya sa ƙananan sulallan santim ɗin nan sababbi masu launin zinari, su ma masu fuskar mata, a gefe, ya haɗa da zobban azurfa. Moctar ya naɗe sarƙar a sabon kallabi, ya sa album ɗin da babu komai ciki a ƙasan jaka, ya ɗora kilishi a kai.

Ranar Juma'a ya rufe butik ya shiga jirgin ƙasa. Duk hanya jakar tana kan cinyarsa. Ruwaida ta tarye shi a tashar Part-Dieu ta Lyon, ta rame kaɗan, ta rungume shi, ta karɓi jakar. Ɗakinta ɗan ƙarami ne a hawa na sama. A kan tebur akwai akwatin gilashi mai shimfiɗar baƙin yadi, da ƙananan katuna da ta rubuta sunaye a kai. Moctar ya dube su, bai gane ba.

"Ƙungiyar masu tara sulalla ce ta ba ni tebur," ta ce tana buɗe jakar. "Tsofaffin Turawa ne duk, Papa, ni kaɗai ce yarinya. Na ce musu nawa duk daga canjin Barbès suka fito, ba wanda aka saya. Ba su yarda ba, sai sun gani." Ta ciro album ɗin, ta ji shi sakayau. Ta buɗe. "Ina suke?"

Ya miƙa mata kallabin da hannu biyu.

Ta warware. Sarƙar ta zubo kan tebur da ƙara. Ta tsaya kallonta, ba ta taɓa ba.

"Papa. Me ka yi?"

"Kin ce za ki saka su."

"A expo, wurin nuni! In saka su a cikin gilashi, mutane su gani!" Ta ɗago sarƙar, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. "Ka huda su. Duka. Har an kankare su. Mais c'est pas possible, wannan ba zai yiwu ba! Ko wanke sule ba a yi, Papa, balle huda. Wa ya yi wannan?"

"Mounkaila."

"Mounkaila!" Ta zauna a bakin gado, ta rufe fuska da hannu. Ya ɗauka dariya take yi, sai ya ga kafaɗunta. Rabon da ya ga kukanta tun tana firamare.

Ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce metro ne ya wuce. Ya ce ya kira ba ta ɗauka ba. Ya fara ba ta labarin liyarin kakarta, ya ji maganar ba ta da wurin zama, ya bari. Daga ƙarshe ya ɗauki hularsa.

"Bari in koma. Akwai jirgin yamma."

"Zauna," ta ce, ba ta ɗago ba. Ya zauna.

Can ta share ido da bayan hannu. "Ta Finland ɗin nan, ka tuna? Wata biyu muna bin mai gidan shayin nan kafin ya yarda ya duba akwatinsa."

"Na tuna. Ya ce mun fi masu haraji naci."

Ta yi wani ɗan sauti, tsakanin kuka da dariya. Sai ta dube shi sosai. "Me ya sa ba ka sake kira ba? Kai da kake kirana don ka ji ko na sa rigar sanyi?"

Ya dubi hular da ke hannunsa. "Na zaci kwashe kayanki kike yi. Shi kaɗai ya rage a gidan. Na ce in kin ɗauke shi, me zai kawo ki Bobigny?"

"Don album kake zaton nake zuwa?"

Ta tashi ta kira shugaban ƙungiyar, ta yi masa bayani da Faransanci a taƙaice, ta ce ya ba wani teburin. Moctar ya ji kowace kalma kamar ana taka masa yatsa. Ta tattara katunan sunayen ta sa cikin album ɗin, kowane a aljihun da mai shi ta bari. Sarƙar kuwa ta mayar da ita cikin kallabi ta tura ƙarƙashin matashi.

"Ban huce ba, ka sani," ta ce. "Zan daɗe ban huce ba."

"Na sani."

Ta ɗora masa album ɗin a cinya. "Ka koma da shi. A Lyon ban san kowa mai akwatin canji ba. Za mu sake daga farko, kuma kai za ka nemo su, tunda kai ka kashe su. Kada ka wanke, kada ka goge, kada ka nuna wa Mounkaila ko daga nesa. In ka samu, ka ajiye a kofi. Ni zan zo da kaina in duba kafin a sa a ciki, don ban yarda da kai ba."

"Yaushe za ki zo?"

"Ƙarshen wata. In ka samu wani abu."

"In ban samu ba fa? Yanzu kowa kati yake miƙowa."

"To sai in zo in yi maka faɗa." Ta jawo jakar ta leƙa. "Wannan kilishin na wane ne? Ko shi ma ka kai an huda?"