Takardar Shinkafar Liatu

A gidan marigayi Andrawus da ke Fadaman Mada ba a barin takarda tsirara. Dokarsa ce tun yana masinja a sakatariya har ya yi ritaya. Takardar haihuwar 'yarsu Eunice, ta baftisma, ta aure, ta fili, har katin asibiti, duk sai da ya kai shago aka rufe su da leda a injin zafi, abin da ake ce wa lamineshin. Yakan ce da idonsa ya ga mutanen da gara ta cinye musu fansho.

Da ya rasu, matarsa Liatu ta gaji jakar takardun, ta gaji dokar, ta kuma gaji abin da ya fi su nauyi, wato shinkafar Kirsimeti. Shekara ashirin da bakwai, duk ranar Kirsimeti kafin azahar kwano shida ke fita daga gidan zuwa gidajen maƙwabta Musulmi, da Sallah kuma kwanukansu su shigo. Bana ce Kirsimeti ta farko babu Andrawus, fanshonsa kuma ya tsaya wai ana tantancewa. Da Babbar Sallah A'i, wadda katanga ɗaya ta raba su, ta kawo mata cinyar rago guda da hannunta. Liatu ta ci naman, amma tun ranar take tunanin Disamba. Yunwa ba ta ba ta tsoro, sun san juna. Abin da take tsoro shi ne matan layi su ce gidan ya mutu tare da mai shi.

Sai ga wani sabon katafaren kanti a wajen GRA ya sanar a rediyo cewa zai ba matan da mazansu suka rasu ƙaramin buhun shinkafa da galan ɗin mai kyauta. Liatu ta shiga keke ta je, ta yi layi tun safe har rana ta take. Aka rubuta sunanta, aka tambaye ta lambar waya, ta faɗi wadda ta haddace ba tare da ta tsaya tunani ba. Injin kan tebur ya tofo wata 'yar siririyar takarda mai santsi, irin ta masu POS, da zane-zanen layuka baƙaƙe a ƙasanta. Aka ce ta dawo da ita ranar ashirin da uku ga wata.

Ta dogara da takardar nan fiye da yadda ya kamata a dogara da abin da bai kai tafin hannu ba. Ɗan abin da ta tara na shinkafa ta juya shi kan kaji biyu da tumatir da tattasai. Takardar kuwa ta sa ta cikin Littafi Mai Tsarki, kullum sai ta buɗe ta duba. A mako na biyu ta lura rubutun ya fara kodewa, baƙin ya koma toka-toka. Amma ba ta rasa abin yi ba, domin ta san abin da ake yi wa takarda mai daraja.

Shagon Godspower ta nufa, mutumin da ya yi wa Andrawus aikin takardu shekara da shekaru. Ta same shi da waya a kunne, yana faɗa da wani a kan man janareto. Ya karɓi takardar bai ko dube ta ba, ya zura ta cikin leda, ya tura a inji. Abin da ya fito ta ɗaya ɓangaren baƙi ne ƙirin kamar gindin tukunya, babu suna, babu lamba, babu layi ko ɗaya. Ledar dai ta kama tsaf, tana ta sheƙi.

Godspower ya sauke wayar, ya yi magana da Hausarsa ta ɗan koyo. "Mama, wannan takarda ba ya son zafi. Me ya sa ba ka ce na yi fotokwafi tukuna?"

"Ni ce mai injin?" in ji Liatu.

Ya ce ba zai karɓi kuɗin aikin ba. Wannan ne iyakar taimakonsa, kuma a fuskarsa ka san yana ganin ya yi karamci.

Ranar ashirin da uku ta koma kantin da baƙin katinta. Wadda ke kan tebur, sunanta Ni'ima a rubuce a ƙirjin rigarta, ta juya katin gaba da baya, ta danne dariya da ƙyar. Ba muguwa ba ce, ta ma ja wa Liatu kujera.

"Mama, kada ki damu, ai yanzu an wuce zamanin takarda. Kina da babbar waya? Sai ki sauke manhajarmu."

Liatu ta fito da 'yar ƙaramar wayarta mai tocila, wadda Eunice ta aiko mata daga Jos. Ni'ima ta dube ta, ta ce to babu laifi, akwai wata hanyar. Za su tura lambobi shida zuwa layin da aka yi rajista da shi, Liatu ta karanto musu, shi ke nan ta ɗauki buhunta. Ta danna, ta ce saƙon ya tafi. Suka zuba wa wayar ido, shiru. Ni'ima ta karanto lambar da ke cikin kwamfuta, sai Liatu ta gane ta nan take. Lambar Andrawus ce. Ita kaɗai ta taɓa haddacewa a duniya, tata kuwa ko yau ba ta san ƙarshenta ba.

"To ina wayar Baban?"

"Baban ya rasu, 'yata. Layin ma tun tuni ya daina aiki."

"Amma saƙon ya shiga," in ji Ni'ima. "Ina jin an sayar wa wani layin. Haka ake yi in ya daɗe a rufe. Ki kira, ki roƙe shi ya karanto miki."

Wata goma sha ɗaya rabon Liatu da danna lambar nan. Yatsanta ya bi ta da kansa. Da ta ji tana ringin sai da ta dafa tebur, domin wani wawan sashe na zuciyarta ya tsaya jiran muryar da ta sani. Wani namiji ne ya ɗauka, da hayaniyar kasuwa a bayansa. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce don Allah wasu lambobi shida sun shigo wayarsa yanzu, ya taimaka ya karanto mata.

"Ke!" in ji mutumin. "Har tsofaffi kun shiga damfara? An ce mana duk wanda ya nemi lambar nan ɓarawo ne. Ku je ku nemi sana'a. Allah ya isa."

Ya kashe. Ta sake kira, ya toshe ta. Laifinsa ma ba ta gani ba, ko a coci an sha yi musu wannan gargaɗin. Amma a kira ta ɓarauniya ta lambar mijinta, wannan ya yi mata ciwon da baƙin katin bai yi ba.

Ta ce to a canza lambar zuwa tata. Ni'ima ta ce ana canzawa, amma sai da lambar da ke jikin takarda. Takardar kuwa ga ta nan a tebur tana sheƙi. Manaja ba ya nan, kuma ko yana nan, in ji Ni'ima, kwamfuta ba ta sakin buhu sai ta ga ɗaya cikin biyun. Buhunan suna jibge a bayan tebur, Liatu tana iya karanta rubutun jikinsu. Matar da ke bayanta a layi ta fara tsaki, sai ta tashi ta ba ta wuri.

A hanyar gida ta sauka ta auni mudu ɗaya na shinkafa, abin da ya rage mata ke nan. Katin kuma ba ta jefar ba. Ta sa shi cikin jakar Andrawus tare da sauran takardun, tunda shi ma yanzu ruwa ba ya taɓa shi, gara ba ta cinsa.

Ranar Kirsimeti, da ta dawo daga coci, miyar kaji ta cika layin da ƙamshi. Tana jera kwanuka shida a tabarma ta ji muryar A'i ta kan katanga.

"Maman Eunice, barka da Kirsimeti. Na ce wa matan layi kowa ta sauke tukunyar rana, yau ta gidan Baba Andrawus za mu ci."

"Ga shi nan zuwa, Maman Usama," in ji Liatu.

Ta raba mudu ɗaya gida shida. A kowane kwano ta baza shinkafar da bayan cokali don ta rufe gindi, ta malala miya a kai har ba a ganin fari. Ko loma ba ta bar wa kanta ba. Ta ɗauki na farko, ya yi mata sauƙi a hannu har ta ji kunyarsa.

A'i ta tare ta a ƙofa, ta miƙo hannu biyu kamar yadda ta saba tarbar kwanon gidan Andrawus, da shirin ɗaukar nauyi. Hannun nata ya ɗan yi sama da kwanon. Ta dubi murfin, ba ta buɗe ba, ba ta kuma dubi Liatu ba.

"Allah ya maimaita mana," in ji ta a hankali.

Liatu ta ce amin, ta juya. Saura kwano biyar.