Kokwambar Malam Shafqat

Duk unguwar Gulgasht a birnin Multan na Pakistan an san Malam Shafqat da abu biyu: Turanci kamar ruwa, da zuciya a kusa. Ba sau ɗaya ba ya jefi allo da abin gogewa. Shi ya sa Madam Tahira, mai makarantar, ta ja masa kunne. Yau za ta zauna a ajinsa na ma'aikatan jinya masu shirin tafiya Ingila, in ya ɗaga murya ko sau ɗaya, ajin ya bar hannunsa. Shi kuwa yana son ajin nan kamar ransa.

Gogan naka sai ya shirya darasi a kan yadda Turawa ke faɗin fushi da haƙuri. Ya biya kasuwa ya zaɓo kokwamba santaleliya ya ajiye a kan tebur, don ya nuna musu abin da Bature ke kwatanta mai sanyin rai da shi.

Ana zafi kamar a gasa mutum, ga shi an ɗauke wuta. Ya juya yana rubutu a allo.

"In mutum ya fusata, sai su ce ya bugi rufin ɗaki, ko murfin kansa ya tashi. Mai haƙuri kuwa, sanyinsa kamar wannan."

Ya waiwayo ya miƙa hannu, tebur wayam. Nasreen, babbar ajin da suke kira Baji, wato Yaya, ta riga ta yayyanka kokwambar, ta barbaɗa gishiri da barkonon da ba sa rabuwa da jakarta, tana zagayawa da ita. Yanki mafi girma yana hannun Madam Tahira.

"Malam, ba don baƙuwarmu ka kawo ba?" in ji Nasreen. "Ai abin kunya ne Madam ta zauna haka baki a bushe."

Ransa ya ɓaci sosai. Hannunsa ya kai kan abin gogewa. Madam Tahira ta daina tauna. Sai ya janye hannun a hankali.

"Baji, a sammini mana, ko mai kaya ba ya ci?"

Ya tauna, sanyin ya ratsa shi.

"Kun ji yadda cikinta yake duk da zafin nan? To, abin da suke nufi ke nan."

Madam Tahira ta lashe yatsa ta miƙe tana dariya.

"Gobe ka kawo guda biyu, Malam. Ajin naka da yawa."