Wandon da Baba Tela Ya Ƙi Buɗawa

"Ba zan buɗa shi ba," in ji Baba Tela, ya ture wandon gefen keken ɗinkinsa. "Wando lafiyarsa lau. Mai wandon za a rage."

Maigidana ya tsaya a bakin shagon yana huci, ni kuma ina bayansa ina danne dariya. Direban babbar mota ne, shekara ashirin yana zaune a bayan sitiyari, abincinsa soye-soyen tasha, ya kora da lemon kwalba. A satin nan likita ya auna jininsa, ya ce in bai sake hali ba, zuciyar ba za ta kai shi nesa ba. Yaranmu huɗu, babbar ko sakandare ba ta gama ba. Dariyar a baki kawai take, cikina tsoro ne fal.

"Baba, inci uku kacal fa."

"Tun kana saurayi nake auna ƙugun nan. Kowace shekara in ƙara, kana murna ina murna. Ashe da almakashina nake taya ka cutar kanka. Gobe da safe ka same ni a filin makaranta."

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na Baba Tela. Shekara goma sha tara da suka wuce ya faɗi a kan keken nan, hannu dafe da ƙirji. Da ya fito daga asibiti sai ya raba gari da maiƙo da yawan gishiri. Shayinsa ba sukari, rabin kwanonsa ganye, sauran wake da ɗan kifi. Kullum da safe yakan zagaye filin sau goma, da maɓalli goma a aljihun dama, kowane zagaye ya mayar da ɗaya hagu. Da fari 'yan unguwa suka ce tsoho ya zautu. Daga baya masu faɗin hakan suka shiga sahu a bayansa.

Don haushi maigidana ya je. Ranar farko maɓalli biyu ya iya, ya dawo ya zube a tsakar gida kamar buhu. Ni kuma na rage gishiri da mai.

"Wai miyar nan marainiya ce?" in ji shi.

"Ci dai. Baba ya ce tafarnuwa da citta su ne iyayenta yanzu."

Wata biyar ana haka, ƙafafun Baba suka fara gazawa. Shekararsa saba'in da bakwai. 'Yarsa takan kai masa kujera bakin filin, maigidana kuwa duk zagaye ya ajiye masa maɓalli ɗaya a tafin hannu.

"Tara," in ji Baba kullum, alhali goman na hannunsa.

"Haba Baba, goma ne!"

"Tela ba ya kuskuren awo. Ƙara ɗaya."

Da ciwo ya kwantar da shi gaba ɗaya, muka shiga duba shi. Taga a buɗe, tef ɗin awonsa na rataye a ƙusa, muryarsa sai ka sunkuya za ka ji.

"Direba, ina wandon?"

Maigidana ya fita da sauri, ya dawo sanye da shi, maɓallin a rufe. Baba ya miƙa hannu, ya zura yatsu tsakanin ƙugu da wando yadda teloli ke yi.

"Biyu sun shiga," ya ce, ya yi murmushi. "Kada ka kawo mini in rage. Nemi bel."

Bayan kwana biyu, da hantsi, ya sha ruwa, ya ce a gyara masa matashi, shi ke nan. Allah ya jiƙansa.

Mai shagon kan kwana, wanda bakinsa ba ya hutu, ya tare ni da cewa, "Duk yawon nan da cin ganye, ga shi ya tafi."

"Wa ya ce maka ba za a tafi ba?" na ce. "Shekara goma sha tara ya yi yana taka ƙasa da ƙafarsa. Ya aurar da 'ya'ya uku, ya goya jikoki, ya dawo mini da uban 'ya'yana. Kai tashi ka zagaye shagonka sau ɗaya mu gani." Wallahi ban taɓa alfahari da maƙwabci kamar ranar ba. A makon ne ma likita ya sake auna maigidana, ya duba na'urar sau biyu kafin ya miƙa masa hannu.

Da aka koma filin, na bi su. Kujerar na nan inda 'yarsa ta manta da ita. Mutum goma sha ɗaya suka bi bayan maigidana, duk zagaye ya ajiye maɓalli a kan kujerar, har goman suka jeru. Sauran suka tsaya suna share gumi. Shi kuwa ya ɗan dubi maɓallan, ya ja wandonsa sama, ya ƙara zagaye ɗaya.