Tseren Mai Ƙwai

A gangarar farko Mai Ƙwai ya matse birki. Samarin da ke bayansa suka wuce shi fuu, da hulunan kwanonsu da matsattsun wandunansu, ɗaya har yana roƙon Baba ya ba da hanya. Ya ba su. Shi ma ya san a tseren keke na daji ba a kama birki a gangara, amma hannun da ya tsufa yana kai kiret-kiret na ƙwai shaguna ba ya jin magana. Da ya ga ɗan rami sai ya ɗaga daga sirdi ya lallaɓa, kamar kayan mutane na ɗaure a baya, alhali kariyar keken wayam take.

Ba don kofi ya shigo ba. Tun da ya faɗi a bakin kasuwa watan jiya, babban ɗansa, malamin asibiti, ya kafe cewa hawan keken ya isa haka, Baba ya zauna gida ya huta. Mai Ƙwai ya ce ai zaman gidan shi ne ciwon. Da gardama ta yi tsawo sai uwar yaran ta raba: ga tseren 'yan sha'awa nan tafe, in ya iso kafin alƙalai su naɗe igiyar ƙarshe, a bar masa kekensa, in bai iso ba, ya miƙa makulli. Ɗan ya yarda da sauri, don ya san halin ubansa da rami.

Hali kuwa zanen dutse. A rafi ya sauka ya tura, a kowace kwana ya kaɗa ƙararrawa, ko da bishiya ce kawai ke saurare. Da ya ga sawun tayoyi sun fara bushewa a gabansa sai tsoro ya kama shi, tsoron wayewar garin da ba mai jiransa a kowane shago. A babbar gangara ya ce wa kansa, "Babu ƙwai, tsoho," ya saki birki. Iska ta cika masa riga, ya ji dariya ta kufce masa irin ta yarinta. Bai kai rabi ba hannunsa ya miƙa baya don ya dafe kaya, keken ya yi tangal-tangal, ya sake matse birkin ya ci gaba da lallaɓawa.

Rana ta karkata sannan ya hango filin. An kwance rumfuna, an kwashe kujeru, motar alƙalai ma ta tafi. Ya fara laluben makulli a aljihu.

Sai ya ga igiyar. Uwar yaran na riƙe da gefe ɗaya, malamin asibitin na riƙe da ɗayan, wuyansa ya yi sharkaf da zufa. Ashe shi ya roƙi a bar masa ita.

"Alƙalai dai ba su naɗe ba," in ji matar, tana kallon wani wuri.

Mai Ƙwai ya ratsa a hankali, har da ƙararrawa. Ɗan ya duba gwiwoyin uban da gwiwar hannu, ko ƙwarzane babu. Ya durƙusa ya latsa tayar baya da babban yatsa.

"Baba, iskarta ta ragu. Kawo in kai a ƙara mata, kada gobe ka makara."