Yadda Ake Sa Yaro Kuka

Shekarunsa talatin da tara, gashin tsakiyar kansa ya daɗe da yi masa sallama, amma har yau in ya shiga kanti sai wani ya nuna shi da baki ya ce, "Kai, wannan ba Maraya ba ne?" Sunan yaron da ya fito a matsayinsa ke nan a wani dogon shirin talabijin, tun yana ɗan shekara shida, lokacin uwarsa da ubansa duk suna raye. Shekara biyar ya yi yana kuka a falon mutane duk mako, mata suna barin girki su zo su taya shi. Sai murya ta buɗe, ƙafafu suka yi tsawo, ƙuraje suka feso masa a fuska. Masu shirin suka rubuta cewa Maraya ya tafi makarantar kwana, kuma bai dawo hutu ba har aka rufe shirin.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Ya fito maigadi mai buɗe ƙofa a fina-finan da shi kansa bai san yawansu ba. Ya fito direba, ya fito ɗan sandan nan na biyu da ke tsaye bayan mai magana. Sau biyu ya fito gawa. In babu aiki, yana shagon wani abokinsa yana manna wa wayoyi gilashi, masu sayayya suna ɗaukar hoto da shi. Marasa ta-ido a cikinsu har cewa suke, "Don Allah ɗan yi mana kukan nan mana." Yakan yi murmushi, amma abin yana cin ransa ƙwarai.

Rannan wani matashin darakta ya neme shi. Yaro ne ɗanye shar, ya ce da shirin Maraya aka raine shi. Zai fara sabon shiri mai dogon zango, yana son ya ba shi matsayin uba, babban matsayi, da sunansa a farkon rubutu. Sharaɗi ɗaya ne kawai: 'yarsa ta cikinsa ce za ta fito a matsayin 'yar.

"Mutane za su so su ga 'yar Maraya," in ji Darakta. "Shi ne gishirin abin."

Yarinyar shekararta bakwai. Ɗigo suke kiranta, don da aka haife ta ba ta cika tafin hannu biyu ba. Uwarta ma'aikaciyar jinya ce, mace mai magana ɗaya. Ta saurari mijinta har ya gama zuba, tana ninke farar rigarta ta aiki, sannan ta ce, "Na yarda. Amma ka rantse min ba za a yi mata abin da aka yi maka ba."

Ita kaɗai ya taɓa faɗa wa. Duniya ta ɗauka baiwa ce Allah ya ba shi, alhali dabara ce ta tsohon daraktansu. In an zo wurin kuka, sai a ɓoye uwarsa bayan motar kaya, wani ya sunkuya ya raɗa masa cewa ta tafi, ta ce ta gaji da shi. Da wannan ta daina ci, sai aka koma cewa ta faɗi an kwashe ta. In an gama sai ta fito tana dariya da alewa a hannu, ta goge masa fuska da gefen zaninta. Ba muguwa ba ce, an ce mata haka aikin yake ne. Ranar da ta mutu da gaske yana ɗan shekara goma sha bakwai, kawunsa ya same shi a wurin ɗaukar wani fim ya faɗa masa. Dariya ya yi, ya zagaya bayan motar kaya ya leƙa.

Ya rantse mata, kuma har zuciyarsa ya rantse.

Kwana uku na farko sun tafi sumul. Wani gida aka karɓa haya, aka toshe tagogin falon da baƙin yadi, wayoyin wuta sun bi ƙasa ko'ina, fitilu suna gasa mutane. Ɗigo ta haddace maganarta har da ta ubanta, in ya yi tuntuɓe ita ke tuna masa. Shi kuwa an ba shi kujera tasa, ana tambayarsa ko yana son ruwa. Rabon da a tambaye shi haka ya manta.

Rana ta huɗu aka zo inda uban zai ɗauki jaka ya bar gida, 'yar ta riƙe ƙafarsa tana kuka. Nan fa ake yin ta. Da an ce "Akshin" sai Ɗigo ta kalli gashin bakin da aka manna wa ubanta ta tuntsure da dariya. Aka ɗiga mata ruwa a ido, ya gangaro, baki yana murmushi. Mai kwalliya ta shafa mata man zafi a ƙasan ido, idon ya yi ja, ta ce, "Baba, yaji!" tana ƙyalƙyalawa. Tun ƙarfe tara ake abu ɗaya har rana ta take tsaka.

Darakta ya ja shi zuwa baranda. Ladabin nan nasa yana nan, amma ya yi siriri.

"Yallaɓai, hawaye ruwa ne, kowa yana da shi. Ni kuka nake so. Jibi masu tashar za su kalli kashi na farko. Akwai wata yarinya da aka gwada, tana yi. Sai dai ka san ku biyu aka ɗauko tare." Ya kau da kai. "Kai fa ka fi mu sanin aikin nan. Duk ƙasar nan wa ya kai ka?"

Bai ce masa yi kaza ba, ba ya ma buƙatar ya ce. Maraya ya tsaya yana kallon motar kayan da ke ƙofar gida. Ya hango shagon abokinsa, da kujerar robar da yake zama, da masu cewa ya ɗan yi musu kukan nan. Tsoron komawa can ya kama shi, tsoro na gaske. Ya ce wa kansa minti biyu ne. Minti biyu, sai ya rungume ta ya ce wasa ne, ya kira mata uwar ta ji muryarta. Ai ba kamar nasa ba ne, shi da aka yi wa shekara biyar. Mutum in yana son ya yi abin kunya, ba ya rasa lissafin da zai nuna masa ƙarami ne.

Ya ce a shirya kamara. Ya kira Ɗigo zuwa lungun da ke tsakanin falo da kicin, ya kara waya a kunne alhali ba kowa a kan layi. Ya yi kamar yana sauraro, ya ce "Na'am?", ya dafa bango. Sannan ya durƙusa a gabanta.

"Ɗigo, Mama ce. Mota ta buge ta a ƙofar asibiti."

Ta kafe shi da ido, tana neman inda wasan yake. "Ta ji ciwo?"

"Ta rasu, Ɗigo."

Ta ci gaba da duban fuskarsa. Da gefen bakinsa ya ɗan motsa ko kaɗan, da ta gane. Bai motsa ba. A shekara ashirin da takwas da ya yi yana buɗe ƙofa da tuƙa mota a fim, bai taɓa yin wasan da ya kai wannan kyau ba, kuma mutum ɗaya ce ta kalla.

Ya kama hannunta ya kai ta kan alamar da aka manna mata a ƙasa, ya ɗauki jaka. Aka ce "Akshin." Da ya juya zai nufi ƙofa, wani sauti ya fito daga ƙirjin yarinyar wanda bai taɓa ji ba. Ta faɗo kan ƙafarsa ta ƙanƙame. Maganar da ta haddace duk ta gudu, amma abin da ta faɗa da kanta ya fi na takarda.

"Baba kar ka tafi! Kai ma kar ka tafi! Ka tafi da ni!"

Mai riƙe sandar sauti, ƙaton mutum, yana share ido da kafaɗa.

"Kat!"

Maraya ya jefar da jaka ya durƙusa, bakinsa har ya buɗe. Sai ya ji hannu a kafaɗarsa. Darakta ya sunkuyo ya raɗa masa, "Tsaya tukuna, yallaɓai. Wannan daga nesa muka ɗauka. Saura na kusa da fuskarta, da na bayan kafaɗarka. Kar ka taɓa komai."

Shi da ya tsufa a wannan sana'a, yaya aka yi ya manta? Kamara ɗaya ce. Ba a ɗaukar fitowa sau ɗaya, sai an sake ta ta kowace kusurwa, kuma kowace kusurwa sai an kwance fitilu an sake ɗaura su. Yana tuna cewa a yarintarsa uwarsa kan ɓace wuni guda, ya daɗe yana zaton idon yaro ne ke tsawaita lokaci. Ashe wunin ne da gaske.

Zai iya faɗa mata a lokacin, ba wanda ya ɗaure masa baki. Amma in ya faɗa, wanda aka ɗauka ya tashi a banza, ya yi ƙaryar kuma bai samu komai ba. Ya zauna a kujerar nan tasa, ya ɗora ta a cinya.

Minti arba'in aka yi ana jan fitilu. Ɗigo ta cusa kai a ƙirjinsa, tana neman sauƙi a wurin wanda ya yi mata ciwon. "Baba, mu je in gan ta." Ya ce yanzu za su je, a gama wannan kawai. Mai kwalliya ta zo da hoda, ta dubi yarinyar, ta dube shi. Ta gane. Ta gyara masa gashin bakin da ya ɗago da ƙarfin da ya fi na aiki, ta wuce.

Ƙarfe biyu daidai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Lokacin hutun uwar ke nan, kullum sai ta kira ta ji yadda suke. Kiɗan kiran nata daban ne, Ɗigo ce ma ta zaɓa. Yarinyar ta ɗago zumbur.

"Mama ce! Baba, Mama ce!"

Ya sa hannu a aljihu ya katse.

"Mutanen asibiti ne," ya ce. "Da wayarta suke kira."

Ya ga hasken da ya taso a fuskarta ya mutu. Wannan ƙaryar ta fi ta farko muni, don ta farko ya shirya ta yana jin tsoro, wannan kuwa da kanta ta fito, ba ko gargada. Ya tsani kansa a wannan lokacin, kuma duk da haka da aka ce an shirya, ya miƙe ya kai ta kan alamarta.

An ɗauki na kusa sau biyu, don a na farko wani ya yi tari. Kafin a zo na bayan kafaɗa hawayen sun ƙafe, sai ajiyar zuciya da shessheƙa, idanu sun kumbura. Darakta ya ce wannan ma ya fi. Ƙarfe huɗu saura aka ce an gama, falon ya ɗauki tafi. Wani ya ce, "Jini ba ya ƙarya, wallahi 'yar ubanta ce!"

Ya kai ta lungun nan ya durƙusa. Ya ce Mama tana nan lafiya, ba abin da ya same ta, dabarar aiki ce kawai don kukan ya fito. Ya ce ta yafe masa. Ya zaci za ta dake shi, ko ta yi ihu, ya ma so ta yi. Ba ta yi ba. Ya kira uwar ya kara mata a kunne, ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Mama?" Ta kasa kunne. "Mama, ƙara magana." Can ta ce, "Ba komai. Mura ce. Na yi kuka an tafa min."

Ba ta tona shi ba. Ta miƙo masa wayar ba tare da ta dube shi ba.

Mataimakiyar darakta ta bi kowa da takardar aikin gobe. Darakta ya riƙe hannun Maraya da hannu biyu, ya ce masu tashar za su haukace, ya ce shirin nan zai yi shekaru. A motar haya da za ta kai su gida, Ɗigo ta matsa can jikin taga. Kullum a cinyarsa take barci in an tashi aiki. Yau ta bar wurin zaman mutum guda tsakaninsu, ta ɗora hannuwanta a gwiwa. Ya saya mata lemo a wurin da danja ta tsayar da su, ta karɓa ta ce ta gode, kamar yadda aka koya mata ta ce wa baƙi.

Takardar tana kan kujera a tsakaninsu. Ta ɗauka tana bi da yatsa, tana haɗa baƙaƙen a hankali, leɓenta yana motsi.

"Baba, gobe ma akwai kuka?"

Ya so ya ce babu. Amma ga shi a rubuce, kuma ya karanta labarin har ƙarshe, ya san ba gobe kaɗai ba ne.

"Akwai," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta ninke takardar ta ajiye inda ta ɗauka. Sai da suka wuce tituna biyu sannan ta sake magana, muryarta a dishe, idonta a kan hanya.

"To gobe wa zai mutu? Ka faɗa min tun yanzu."